Filogi Da Man Hana Cijewa: Jawabi Ga Kanikawa Da Direbobin Kuchigoro



Shugabannin kanikawa, da masu gareji, da direbobi, da ku samari masu koyon sana'a, ina yi muku barka da war haka. Ina kuma gode muku da kuka ajiye sifana kuka zo sauraron wannan ɗan jawabi. Na san kowannenku ya baro aiki a buɗe, saboda haka ba zan tsare ku da dogon zance ba. Magana ɗaya ce tak ta kawo ni Kuchigoro yau, watau maganar filogi, da man nan mai ƙyalƙyali wanda wasu suke shafa masa kafin su ɗaura shi a inji.

Wataƙila wani ya ce a ransa, ashe don wannan ɗan ƙanƙanin abu aka tara mu? To, ku ji abin da na gani da idona. Kwanan baya na kai motata wani gareji, sai na tarar da wata ƙaramar motar tsere mai ƙofa biyu an lulluɓe ta da tamfol, ƙura ta hau ta. Na tambayi mai garejin abin da ya same ta. Ya ce lafiya lau ta zo da ƙafarta, canjin filogi kaɗai mai ita ya nema. Yaron da aka ba aikin kuwa ba malalaci ba ne. Don son ya burge, sai ya lafta wa sababbin filogin man hana cijewa, ya sa doguwar sifana ya ɗaure iyakar ƙarfinsa. Uku suka ɗauru, na huɗu ya karye a cikin rami. Dole aka sauke kan injin ɗungum. Aikin rabin sa'a ya koma na makonni, mai mota yana zarya, mai gareji yana ba da haƙuri, yaro kuwa ya kasa haɗa ido da kowa. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Ku kuma a bakin babbar hanya kuke. Titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya tashi daga Ƙofar Birni ya bi ta Lugbe zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, titi ne da motoci ke sheƙa gudu a kansa dare da rana. Motar da injinta ya yanke wuta farat ɗaya a tsakiyar irin wannan titi, ta jefa mai ita da na bayansa cikin haɗari. Don haka abin da za mu tattauna ya shafi aljihu, ya shafi sunan gareji, ya kuma shafi rai.

Aikin Filogi A Cikin Inji

Filogi shi ne ashanar injin fetur. Fistin ya matse iska da fetur a cikin silinda, kwayil ya turo wutar lantarki mai ƙarfin bolt 20,000 ko fiye, tartsatsi ya tsallaka a bakin filogi, mai ya kama da wuta, mota ta tafi. Dabarar ta daɗe. Tun a 1860 wani mutum mai suna Lenoir ya yi amfani da irinta a injin da ya ƙera a Faransa, a 1902 kuma kamfanin Bosch na Jamus ya fito da filogi haɗe da na'urar ba shi wuta mai ƙarfi, wanda daga gare shi na yau suka samo asali.

Ku dubi wahalar da wannan ɗan ƙarfe yake sha. In inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane filogi yana tartsatsi sau 1,500 a minti, watau sau 25 a daƙiƙa guda. Bakinsa yana aiki ne cikin zafin da ya kama daga digiri 500 zuwa 800. In ya gaza haka kunkunniya ta rufe shi, in ya zarce haka ya yi jajur ya riƙa kunna mai tun lokaci bai yi ba, har ya kai ga huda fistin. To, ta ina zafin nan yake fita? Mafi yawansa ta tiredi yake bi, watau layukan murɗin nan na jikin filogi, da kuma mazauninsa inda wasa take kwanciya, ya shiga kan inji, ruwan lagireto ya kwashe shi. Kun ga ashe ɗaurin filogi ya wuce maganar kada ya faɗo. Hanyar fitar zafi ce, kuma hanyar komawar wutar lantarki ce zuwa jikin inji.

Me Ya Sa Filogi Yake Cijewa?

Jikin filogi ƙarfe ne mai tauri. Kan inji kuwa, wanda kuke kira tof silinda, a galibin motocin yau da alminiyum ake yinsa, don rashin nauyi da saurin sakin zafi. Alminiyum yana da laushi, sa'an nan in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. Kullum aka ta da inji aka kashe, ƙarafan nan biyu suna buɗewa suna tsukewa, kowanne da nasa gwargwado. Bugu da ƙari, duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, laima ta shiga tsakaninsu, ɗaya yakan riƙa cin ɗaya a hankali. Ruwan da ake fesa wa inji a wurin wankin mota yana gangarawa ramin filogi ya kwanta. Kunkunniya kuma tana taruwa a ƙarshen tiredin da ya leƙa cikin silinda. In aka shekara biyu ko uku ba a taɓa filogi ba, sai a zo kwancewa a tarar ya cije. Mai gaggawa ya sa ƙarfi, ko dai filogin ya karye, ko ya fito da tiredin alminiyum manne a jikinsa.

Asalin Al'adar Shafa Mai

Iyayen gidanku da suka koya muku shafa mai ba su yi kuskure ba a zamaninsu. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar kuma aka fara haɗa Volkswagen a Legas. Peugeot 504 da Volkswagen mai kama da kunkuru duka kawunan injinsu na alminiyum ne, kuma duk tsohon bakanike ya san yadda tiredin Volkswagen ke saurin zubewa. Filogi da yawa na wancan lokaci baƙin jiki gare su, ba wani rufin kirki da zai kare su daga tsatsa. Saboda haka ɗan shafa musu man hana cijewa dabara ce mai kyau, ta kuwa ceci injuna da yawa.

Shi wannan mai, wanda wasunku ke kira giris mai jan ƙarfe, giris ne da aka cuɗa da garin ƙarfe mai laushi ƙwarai: jan ƙarfe, ko alminiyum, ko nikel, wani lokaci da garin baƙin abin nan na cikin fensir. In zafi ya ƙone giris ɗin, garin yakan saura a tsakanin tiredi ya hana su mannewa. Har gobe yana da amfani a kusoshin salansa da sauran wuraren da zafi da tsatsa ke haɗuwa.

Abin Da Ya Sake

Amma zamani riga ne, kowa da irin tasa. Ku ɗauki sabon filogi na ƙwarai ku duba jikinsa. Za ku ga yana ƙyalli kamar azurfa. Wannan ƙyalli rufi ne na tutiya ko nikel wanda masu ƙera shi suka yi masa tun daga masana'anta, aikinsa kuwa shi ne ainihin aikin da kuke nema daga mai: ya hana tsatsa, ya kuma sa filogi ya saki ranar kwancewa. Kamfanin NGK na ƙasar Japan, wanda aka kafa a 1936, ya kuma sake suna ya koma Niterra a 2023, ya bayyana ƙarara cewa a ɗaura filoginsa masu wannan rufi a bushe, kada a shafa musu komai. Kamfanin Denso ma ya yi irin wannan gargaɗi. Kamfanin Porsche kuwa, wanda ya yi suna wajen ƙera motocin tsere, ya daɗe da hana kanikawansa shafa man a filogi. Tun da masu abu sun ce ga yadda abinsu yake so, ya kamata mu tsaya mu ji dalili.

Illa ta farko ita ce ɗauri ya wuce kima. Sa'ad da kake murɗa kowace irin kusa, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin hannunka yana ƙarewa ne wajen gogayyar ƙarfe da ƙarfe, ɗan abin da ya saura shi ne yake matse ta. Adadin ƙarfin ɗaurin da aka rubuta a kwalin filogi, an auna shi ne da busasshen tiredi. Da zarar ka shafa mai, santsi ya shigo, gogayya ta ragu, sai filogi ya yi ta shiga alhali hannunka yana gaya maka bai ɗauru ba tukuna. NGK sun ce man yana iya sauya ma'aunin ɗauri da kashi 20 cikin 100. Sakamakon haka jikin filogi yakan miƙe, abin da ke riƙe da farin tangaran ɗinsa ya saki, iska ta riƙa tsiyaya, zafi ya kasa fita yadda ya kamata. In abin ya yi muni, tiredin kan inji ya zube, ko filogi ya tsinke, kamar yadda ya faru ga yaron da na ba ku labarinsa.

Illa ta biyu ita ce kashe wuta. Kun ji dai garin ƙarfe ne a cikin man, ƙarfe kuwa yana ɗaukar lantarki. In an lafta shi da yawa, sai ya matso ya ɓata farin tangaran da ke bakin filogi. Wuta kuwa hanya mafi sauƙi take bi. Maimakon ta tsallaka ta yi tartsatsi, sai ta sulale ta cikin man ta gudu. Inji ya fara tari yana karkarwa, fetur ya riƙa fita ta salansa bai ƙone ba, ya je ya ƙone a cikin matatar hayaƙin nan mai tsada wadda kuke yi wa laƙabi da indomi, ya narkar da ita.

Illa ta uku ta fi shafar motocin tsere da sauran masu injin zamani. Injinsu yana juyi fiye da na sauran motoci, yana matse mai fiye da nasu, da yawa kuma suna da tabo mai tura iska da ƙarfi. Filogin da yawa daga cikinsu siriri ne, mai kaurin milimita 12 ko ƙasa da haka, dogo, a can cikin rami mai zurfi inda ido ba ya gani. A wasu, kamar Porsche 911 da motocin Subaru, silindojin a kwance suke ta gefe, sai da lalube ake kai hannu. Siririn filogi ba ya jure ƙarfin da kakkaura yake jurewa, inji mai zafi kuma ba ya yafe ƙaramin kuskure.

Inda Man Yake Da Wuri

Kada wani ya tashi daga nan ya ce jami'in gwamnati ya haramta man hana cijewa. Akwai inda masu ƙera inji da kansu suka ce a shafa. Ƙananan jiragen sama masu injin fistin, ana shafa wa tiredin filoginsu wani mai na musamman, domin ana kwance su a kai a kai don dubawa. Wasu littattafan gyaran motocin Honda na shekarun baya sun ce a ɗan shafa kaɗan, suka kuma ba da ma'aunin ɗaurin da ya dace da shafawar. Kamfanin Ford na Amurka ya sha fama da wani babban injinsa mai silinda takwas a motocin 2004 zuwa 2008, inda filogi ke karyewa gida biyu wajen kwancewa. Da ya fitar da umarnin gyara, sai ya ce a shafa mai nikel a dogon hancin filogin da ke ƙasa da tiredi, inda kunkunniya ke kama shi. Haka kuma filogi mai baƙin jiki wanda ba shi da rufi, ko tsohon da aka kwance za a mayar bayan rufinsa ya goge, ɗan shafi kaɗan yana iya taimakonsa.

Kun ga ke nan hukuncin yana wurin littafin motar da kwalin filogin. In sun ce a shafa, a shafa yadda suka ce. In sun yi shiru, filogin kuma mai ƙyalli ne sabo, a ɗaura shi a bushe. In shafawar ta zama dole, to, kada ta wuce ƙwayar gero biyu ko uku, a baza ta a tsakiyar tiredi, a bar layi biyu na wajen baki babu komai, kada kuma ta taɓa wasa. Sa'an nan a rage ƙarfin ɗauri. Denso sun ce a rage kashi 30 cikin 100, sai fa in ma'aunin da ke cikin littafin dama na mai shafi ne. Baƙin mai da giris na yau da kullum kuwa ba su da wuri a tiredin filogi ko kaɗan, gama zafi yana mai da su gawayi, su zama su ne masu cijewar. Kada kuma a rikita man hana cijewa da farin giris ɗin nan na silikon wanda ake ɗan shafawa a cikin robar kan kwayil. Wancan ba ya ɗaukar lantarki, aikinsa hana roba mannewa da hana laima shiga.

Yadda Ake Ɗaura Filogi

Na farko, a bar inji ya huce sarai. Alminiyum mai zafi ya fi laushi, tiredinsa yana saurin zubewa. Direban da ya shigo da mota tana huci yana cewa sauri yake yi, a ba shi benci ya zauna. Sauri ya haifi nawa.

Na biyu, kafin a kwance tsohon filogi a hure ramin da iska. Ƙurar hunturu da yashi suna taruwa a nan, in suka faɗa cikin silinda sai su riƙa kankare ta, in suka maƙale a tiredi su ɓata ɗauri.

Na uku, in tsohon ya cije kada a yi kokawa da shi. A ɗiga masa man nan mai ratsa tsatsa, a ba shi lokaci, a murɗa baya kaɗan a dawo gaba kaɗan, a yi ta yi har ya saki.

Na huɗu, a gwada sabon da tsohon, a tabbata lambarsa ita ce littafin motar ya faɗa. Wanda ya fi tsawo yana iya taɓa fistin, wanda ya gaza kuma yakan bar tiredi a buɗe kunkunniya ta cike shi. Filogin da ya faɗi ƙasa a ajiye shi gefe, don tangaran yakan tsage inda ido ba ya gani. Masu siririn baki na iridiyum kuwa ba a kankare su da burushin waya, ba a kuma ƙwanƙwasa su.

Na biyar, a fara murɗawa da yatsu kawai, ko da guntun tiyo da aka cusa a kan filogin. In ya yi tauri tun murɗi na farko ko na biyu, ya hau karkace ne, a fito da shi a sake. Ba a sa sifana sai filogi ya zauna da hannu, ba a kuma kusantar filogi da sifanar iska.

Na shida, a ɗaure da sifanar awo, wadda take yin ƙara in an kai adadin da aka saita. Ana auna ƙarfin ɗauri da abin da ake rubutawa Nm. Ga filogi mai wasa a kan inji na alminiyum, NGK sun ba da 25 zuwa 30 ga mai kaurin milimita 14, da 15 zuwa 20 ga mai milimita 12, da 10 zuwa 12 ga mai milimita 10, irin na babura da yawa. Don ku gane ƙanƙantar abin, 25 daidai yake da a rataya nauyin kilo 10 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25. Yaro ɗan shekara goma yana iya wannan. Mai dafa ƙafa a taya yana ja da hannu biyu ya ninka haka sau da yawa.

Wanda ba shi da sifanar awo sai ya ƙirga juyi. Sabon filogi mai milimita 14 mai wasa, bayan ya zauna da hannu, rabin juyi ne zuwa kashi biyu cikin uku na juyi, domin wasar ta lotse. In tsoho ne wanda wasarsa ta riga ta lotse, kashi ɗaya cikin 12 na juyi ya isa, watau kamar tazarar da ke tsakanin ƙarfe goma sha biyu da ƙarfe ɗaya a fuskar agogo. Mai tsinin mazauni wanda ba shi da wasa, kashi ɗaya cikin 16 ne kacal. Amma kada tsoron karyawa ya sa ku bar filogi sako-sako. Wanda bai ɗauru ba yana rawa a raminsa, ba ya sakin zafi, yana cin tiredi a hankali, wata rana matsin silinda ya harbo shi waje tare da kwayil. Ina roƙon masu gareji, ko da karo-karo ne, kowane rukuni su mallaki sifanar awo guda. Kuɗinta bai kai na sauke kan inji sau ɗaya ba.

Jan Kunne Game Da Jabu

Duk abin da na faɗa game da rufin filogi, na ƙwarai nake nufi. Akwai na jabu a kasuwa, kwalinsu da tambarinsu kamar na gaske, amma rufinsu fenti-fenti ne, tiredinsu da kaushi, wasarsu tana zamewa ta faɗi. Irin waɗannan su ne suke tsatsa da wuri, bakinsu ya narke ya faɗa kan fistin. Ku saya a wurin wanda kuka sani, ku karɓi rasit, ku duba rubutun jikin filogi ko ya fita tsaf. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas abin tuhuma ne, araha ba ta ado. Wanda ya ci karo da kayan jabu yana iya kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON.

Ku kuma masu motoci da direbobi, kuna da naku rabon. Ku adana littafin motarku, ku zo da shi gareji. Ku canja filogi a lokacin da littafin ya ce, kada ku jira sai mota ta fara tari. In bakanike ya ce a jira inji ya huce, ku jira. In ya gaya muku filogi ya cije yana bukatar kwana ana jiƙa shi, ku gode masa, don mai amana ne.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayen gida, ku da kuka ga jiya kuka ga yau. Yaran nan abin da suka ga hannunku yana yi shi za su ɗauka, su kuma koya wa na bayansu. Ku nuna musu bambancin baƙin filogi da mai ƙyalli, ku koya musu karanta kwali, ku sa su riƙe sifanar awo har hannunsu ya san nauyin ɗaurin da ya dace. Ku kuma samari, in kun yi shakka ku tambaya, matambayi ba ya ɓata. Motar da ta bar garejinku ta hau titin filin jirgi, ta tafi ne da sunanku da kuma rayukan mutanen da ke cikinta.

 Allah shi yi wa sana'a albarka, shi kiyaye mu da tsautsayin hanya, shi mai da kowa gidansa lafiya.